Dokta Severiano Ya Hau Kogi

Duk wanda ya zo Recife ya koma bai gaisa da Dokta Severiano Wanderley ba, gara ya ce wa mutanen gidansu mota ce ta lalace a hanya, bai iso ba. Teku dai yana nan, ba inda za shi. Gadojinmu ma ko baɗi ka dawo za ka tarar da su. Amma mutumin da zai sa kwat mai ruwan toka, ya ɓalla maɓallai har maƙogwaro a Janairu, tsakiyar zafin bazararmu, ya tsaya a bakin titi yana koya wa direban tasi tuƙi, wannan kam ba kowace shekara ake haifar irinsa ba. Mu da Allah ya haɗa mu zamani da shi sai godiya.

Kada a tambaye ni dokta na mene ne, don ban taɓa ganin ya duba ko kaza ba. A garin nan in ka sa kwat, ka maƙale jaka a hammata, ka iya kallon mutum ta saman tabarau, to ka gama karatu. Aikinsa na gaske a ofishin hatimi ya yi shi, inda ake kai takarda a tabbatar cewa sa hannun da ke jikinta na mai ita ne. Shekara da shekaru yana ɗaga hannu yana saukewa, dum! Mutum zai sa hannu a gabansa, da idonsa ya gani, amma sai ya ɗaga takardar a hasken taga ya ce, "Anya kuwa kai ne?" Da ya yi ritaya sai ya zama shugaban mazauna benen da yake zaune a unguwar Boa Viagem, saboda ranar zaɓen kowa ya tafi kallon ƙwallo, shi da matarsa kawai suka zo, ita ma ba ta ɗaga hannu ba. Tun daga nan ba mai shiga lif, na'urar hawa benen, da jiƙaƙƙen wando, ba mai shiga da ɗanyen kifi, kare ma sai in ya natsu. Masu gadi suna ce masa Sarkin Lif. Mu abokan wasansa na domino kuma Jikan Holan muke ce masa, kuma har daɗin sunan yake ji, bawan Allah.

Asalin ne ai abin taƙamarsa.

"Mu Wanderley," haka yake farawa, yana buga domino a tebur kamar hatimi, "ba jiya muka zo ba. Kakan kakana da takobi a ƙugu ya sauko daga jirgin Holan, lokacin da garin nan bai wuce laka da sauro ba. Gonar rakenmu, sai doki ya huta a hanya kafin ya ga ƙarshenta. Takardu? Ambaliya ta cinye. Amma jini yana nan. Ku dubi idona."

Mu duba. Ido ne baƙi wuluk kamar kofi ba madara. Sai ya ce hasken wurin ne ba kyau, da sassafe kore ne shar.

Ni Tota, ƙanin matarsa Creuza ne, saboda haka na san abin da ke ƙarƙashin kwat ɗin. Sunan da aka yi masa baftisma da shi Severino, kuma duk Severino a wajenmu Biu ake kiransa. Wanderley kuwa sunan wani mai kantin yadi ne da ya yi wa aiki yana saurayi. Ya ara, ya ga ya yi masa daidai, bai mayar ba. An haife shi a unguwar bakin kogi da ke gaba da gadar ƙarfe, inda ɗakunan katako suke tsaye a kan dogayen sanduna, ruwa ya cika ya zo har ƙarƙashin gado, ya janye ya bar laka. Har gobe yayarsa Nenzinha tana can tana kama ƙaguwa, ta jera su a igiya ta kai kasuwa. Ita ta goya shi, ita ta saya masa takalminsa na farko. Ranar aurensa bai gayyace ta ba, ya ce wa mutane shi kaɗai uwarsa ta haifa. Wannan abu ya daɗe yana ci mini rai, amma Creuza ta roƙe ni in kama bakina, na kama.

To, ka ga dalilin hukuncin da ya yanke wa jirgin yawon kogi, buɗaɗɗen jirgin nan mai kujeru jere da ke kwasar baƙi kullum la'asar ya zaga da su ta ƙarƙashin gadoji. Duk baƙon da ya sauka a benensu tambayarsa ta farko ke nan, shin ya cancanci a hau? Mai gadi kuwa ya riga ya san wurin wanda zai tura shi.

"Zauna, ɗana," in ji Dokta, ko da baƙon ya girme shi. "Kogi abin kallo ne daga sama, kamar zane a jikin bango. Ka taɓa ganin mai hankali ya shiga cikin zane? Me za ka samu a ƙasa? Rana, wari, sauro, da wata mai lasifika tana yi wa tarihi kisan gilla. Kogin Capibaribe ya fi ƙarfin a zauna a kansa ana ɓare gyaɗa. In kana son ka san shi, ka biyo ni hawa na sama in yi maka bayani."

Daga benen nasu kuwa ko ƙyallin kogin ba a hangowa. Iyalai nawa ya juya ta haka ya tura su babban kanti su sha sanyin na'ura, Allah kaɗai ya sani. Aka yi ta tafiya lafiya har ranar da 'yarsa Lidiane ta kawo miji.

Anselmo sunansa, ɗan garin Curitiba, yaro mai kunya. Ana saura 'yan kwanaki biki iyayensa suka iso. Uban, Seu Casimiro, yana da masana'antar kujeru da gadaje, mutum ne dogo, mara magana, wanda ranarmu ta mayar da shi ja kamar tattasai tun a filin jirgi. Uwar, Dona Ivone, ba ta ajiye waya. Ta ɗauki hoton lif, ta ɗauki hoton mai gadi, ta ɗauki hoton romon wake kafin ta sha. Dokta kuwa ya riga ya shuka musu gonar rake ta waya tun watannin baya, har da doki. A ransa auren nan a kan sunan Wanderley yake tsaye, in sunan ya zame komai ya zame. Kuma na san ya fi tsoron irin kallon da Seu Casimiro zai yi masa fiye da ranar mutuwarsa.

Muna cin abincin rana, an kawo naɗaɗɗen kek ɗin nan namu mai jan ciki, Dokta yana bayanin yadda kakarsa ta ƙirƙiro shi, sai Dona Ivone ta ce:

"Dokta, jirgin nan na kogi fa? Ya cancanci a hau?"

Ya ajiye cokali. Ya ba ta zane a jikin bango, ya ba ta rana da wari da sauro, ya ƙara da wani labarin baƙo ɗan Jamus da ya suma.

"Ayya," in ji ta. "Amma an ce in aka shiga ƙarƙashin gada ana tafi, kowa ya roƙi abin da yake so. Ni jikoki nake so, kuma gada ɗaya ba za ta ishe ni ba."

"Uwargida, wannan camfin talakawa ne."

"Na riga na karɓo tikiti, Baba," in ji Lidiane, tana yanka kek, fuskarta kamar ta waliyyiyar da ke coci. "Na gobe. Har da na Kawu Tota."

Da wani mutumin ne, da sai ya kwanta ciwo. Dokta ba ya ciwo a gaban surukai, dabara yake yi. Washegari da safe ya tafi tashar jirgin da kansa, hannu a baya, ya auna kogin da ido kamar mai shirin saye. Ya dawo da malafa mai faɗin faranti da baƙin tabarau, ya ja ni gefe a wurin ajiye motoci.

"Tota, saurara. In jirgi yana hawa, unguwar nan tana hagu. Fadar gwamna da gidajen manya suna dama. Zan zaunar da su a dama, fuskarsu a dama, hankalinsu a dama. Kai kuma ka zauna a hagunsu ka tare. Allah bai ba ka wannan tumbin a banza ba."

"Shi ke nan dabarar?"

"Dabara mai kyau ba ta da yawa, Tota. Abin da kuka kasa ganewa ke nan ku marasa karatu."

Na buɗe baki zan yi wata tambaya, ya ɗaga mini hannu irin na ofishin hatimi. To, na rufe.

La'asar ta yi, jirgi ya cika da baƙi masu gajeren wando da kwalaben ruwa. Dokta ya tashi wasu mata biyu daga kujerun dama da sunan tsarin tsaro, ya jera surukansa, ya dasa ni a hagu. Shi kuma ya nutse a cikin malafa, ya sa tabarau, ya naɗe hannu, ya yi alkawarin ba zai ce uffan ba. Iska tana kaɗawa, ruwa ya cika, rana ta yi laushi a jikin tsofaffin gidaje. Gaskiya garin nan daga kan ruwa wani abu ne, ni kaina da aka haife ni a ciki sai da na ji wani iri a ƙirjina.

Gada ta farko ta taho. Mai jawabi, wata mata mai dusasshiyar murya da ta gaji da maganar tun bara, ta ce kowa ya shirya. Muka shiga inuwa, jirgi ya ɗauki tafi da ihu. Dona Ivone ta rufe ido ta roƙi jikanta na fari. Na saci kallon Dokta, na ga leɓensa yana motsi a ƙarƙashin malafa, shi da ya ce camfi ne. Mun fito daga gadar da daɗewa bai gama roƙon ba.

Sai mai jawabi ta ce, "Wannan gada ɗaya ce daga cikin tsofaffin gadojin ƙasar nan."

Kafaɗar Dokta ta motsa. Ni ma, in faɗi gaskiya, tawa ta motsa. Ɗaya daga cikin! Mu a Recife ba mu da "ɗaya daga cikin". Titinmu ya fi na kowa tsawo da miƙewa, bikinmu ya fi na kowa taro, cunkoson motocinmu ma ba ma yarda a ce wani gari ya fi mu. Dokta ya haɗiye, ya ƙara nutsewa. Amma da aka zo inda koguna biyu suke haɗuwa, matar nan ta yi hamma ta ce, "A nan ne Capibaribe da Beberibe suke haɗuwa su zuba a teku."

Tabɗi. Yaron goye a garin nan ya san a nan ne kogunan suke haɗuwa su haifi tekun Atlantika. Malafa ta miƙe tsaye.

"Su zuba? Su zuba a teku? Kwata ce? Kawo nan, yarinya, kafin ki kashe mu da ranmu."

Ta miƙa masa lasifikar ba musu, ta nemi kujera ta cire takalmi.

"Jama'a baƙinmu," muryar ta fito ta kowace kusurwa ta jirgin, ta tsallaka ruwa ta bugi bango ta dawo, "kun yi sa'a. Wanda ke magana da ku Dokta Severiano Wanderley ne, kuma kogin nan tare muka taso da shi a tarihi. Ku manta da duk abin da kuka ji. Kafin kogunan nan biyu su haɗu, tsakaninmu da Afirka fili ne fetal!"

Ana cikin haka gada ta biyu ta rufe mu, jirgi ya kaure da tafi. Dokta ya dakata. Ya dubi jama'a. Ya cire malafa ya rusuna. Ba wanda ya ga amfanin gaya masa cewa gadar ake yi wa, shi kuwa bai ɗaga kai ya ga gadar ba. A gada ta uku ya cire tabarau don masu tafi su ga idon Holan. Ya nuna wani bene mai ruwan hoda a titin Rua da Aurora ya ce a barandar nan kakarsa take shan iska, bayi biyu suna yi mata fifita. A jikin barandar akwai allon mai yin haƙoran roba, amma Dona Ivone ta ɗauki hoton har da allon.

Creuza ta yi ta jan gefen kwat ɗinsa. Ina! Mutum ya samu lasifika da jama'ar da ba su da hanyar gudu.

Gadar ƙarfe ta zo ta wuce da nata tafin. Ga unguwar nan a hagu, ɗakuna a kan sanduna, kayan shanya, eriya, kwalekwale a ɗaure. Na buɗe tumbina iyakar yadda Allah ya hore mini. Dokta ya nuna wata hasumiyar coci can nesa a dama, duk wuyoyi suka bi yatsansa. Ya kashe mini ido. An wuce. An tsira. Jikan Holan ya ci yaƙi.

Sai ƙarar inji ta sauka.

Tambayar da na so in yi masa da safe ke nan. Jirgin nan ba wucewa yake yi ya ɓulle wani gari ba, inda ya bi ya je ta nan yake dawowa, kuma daidai gaban unguwar ne yake juyawa. Mutumin da ya shekara yana yanke wa tafiyar hukunci bai taɓa tsayawa ya ga yadda take ƙarewa ba. A hankali jirgi ya fara juyi kamar ana zagaya tire a gaban baƙi. Hasumiya ta tafi. Dama ta koma hagu. Ni da tumbina muka samu kanmu muna tare fadama, surukai kuwa ga su ga ɗakunan katako, kusa har kana jin ƙamshin abin da ake soyawa.

"Kai, dubi!" in ji Dona Ivone, waya a sama. "Dokta, su wane ne waɗannan?"

Da ya yi shiru, da ya mayar da malafa ya zauna, da ba abin da zai faru. Ba mai kula da fuskokin da ke cikin jirgin baƙi, kullum wucewa suke yi. Amma an yi masa tambaya a gaban jama'a, ga lasifika a hannu, kuma tun da aka haife shi bai taɓa barin tambaya ta wuce ba amsa ba. Na ga tsoro da taƙama suna kokawa a fuskarsa. Kokawar ba ta daɗe ba.

"Waɗannan, uwargida, su ne mutanen laka. Bayin Allah masu sauƙin kai. Danginmu sun daɗe suna jin ƙansu. Na yi nazari mai zurfi a kansu. Kada ki tausaya musu, ba sa son gidan bulo. Laka ce ta karɓe su, in ka raba su da ita ciwo suke yi."

Murya a kan ruwa ba ta gajiya. A kan wani dandamalin katako wata tsohuwa mai ɗaurin kallabi tana zaune da roba a gabanta, tana ɗaure ƙaguwa. Hannunta ya tsaya. Ta karkata kai kamar mai sauraron kukan akuyarta a cikin garke. Ta miƙe, ta kare ido da tafin hannu.

"Biu?"

Ita ba ta bukatar lasifika.

"Biu! Kai ne? Biu mai ƙaton kai! Wallahi muryar nan ko a kabari na ji ta na san ta!"

"Baiwar Allah," in ji Dokta, kuma wautar da ya yi ita ce a cikin lasifikar ya faɗa, "ina jin kin yi kuskure. Ban san ki ba."

"Ba ka san ni ba? Bayan nan da ka yi wa fitsari har ka yi wayo ya san ka! Mu ne mutanen laka, ko? Nazari ka yi a kanmu? A kan katakon nan da nake tsaye Inna ta haife ka, ni na riƙe fitila! Ɗaga ƙafar wandonka ta hagu su ga inda ƙaguwa ta kama ka kana ihu kana kiran Yaya!"

"Jama'a, zafin rana ne yake..."

"An ce mini wai yanzu Bature ne kai, jikan Holan! Holan ɗin da ya taɓa shiga gidanmu jan gwangwanin cuku ne da Baba ya tsinto, da shi muke kwashe ruwa a kwalekwale! Ku fito, jama'a! Ku fito ku ga Biu ya zo a jirgin baƙi da kwat!"

Tagogi suka buɗe. Mata suka fito da ludayi a hannu, wani tsoho ya taso daga ragar barcinsa. "Biu ne! Biu, ina gaisuwa? Biu, ka yi ƙiba!" Hannuwa ko'ina ana ɗaga mana, baƙi kuma suna mayarwa da murna. Ban san ko ruwa ne ya yi nauyi ba, amma na lura direban bai yi gaggawar gama juyin nan ba. Nenzinha ta bi mu ta kan katako har inda katakon ya ƙare, igiyar ƙaguwa tana lilo a hannunta, tana ba da labarin ranar da ya saci kuɗin kifi ya sayi man gashi. Muryarta ba ta rabu da mu ba sai da gadar ƙarfe ta haɗiye mu.

Tafin da aka yi a ƙarƙashin gadar nan ban taɓa jin irinsa ba. Aka fito fili ana ci gaba da yi. Wani mutumin jihar Minas yana share hawayen dariya ya ce ya hau jirgin kogi a garuruwa da dama, yau ne kawai bai yi da-na-sanin tikiti ba.

Dokta bai rusuna ba. Ya ajiye lasifika a kan kujera a hankali, ya zauna, kwat ɗin ya yi masa yawa. Na daɗe ina jiran ranar nan, na sha tsara yadda zan yi dariya. Da ta zo sai na ji tausayinsa ya kama ni, don tsoho ne. Creuza ta zuba wa ruwa ido. Seu Casimiro ya ƙura wa surukinsa ido har muka iso tasha, kuma ba mai iya karanta jar fuskar nan.

Muna sauka ya tari gaban Dokta. Dokta ya rufe ido. Sai mutumin nan da tun zuwansa ban ji ya haɗa jimla biyu ba ya kama hannunsa da hannu bibbiyu yana girgizawa.

"Dokta, na ga wasan kwaikwayo a wurare, ban taɓa ganin irin wannan ba. A kan ruwa! Da mutanen unguwa gaba ɗaya! Ashe shi ya sa kake ta cewa kada mu hau, rai kake ja mana."

"Yadda ka yi fuskar nan ta 'ban san ki ba'!" in ji Dona Ivone. "Na ɗauka duka a waya. Matar nan a ina kuka samo ta? Har hancinku iri ɗaya!"

Ga ƙofa a buɗe. Mutanen nan suna cikin nishaɗi, sun ƙaunaci tsohuwar, da ya ce yayata ce, ita ta raine ni, na rantse rungume shi za su yi. Na ga Creuza ta mintsine shi a hannu. Ni ma na yi gyaran murya har maƙogwarona ya yi zafi. Dokta ya buɗe ido ya dubi wannan, ya dubi wancan. Jini ya fara dawowa fuskarsa. Ƙirji ya taso ya cika kwat. Ya kai hannu ya gyara maɓallin wuya.

"To, tunda kun gano ni," in ji shi. "Ɗan ƙaramin abu ne na tsara don girmama baƙi. Al'adun gargajiya, kun gane. Ni na rubuta mata kalmomin. Matar tana da baiwa, ba laifi, amma na sha wahala kafin ta iya. Zancen gwangwanin cukun nan sai da muka yi ta maimaitawa."

"Madalla!" in ji Dona Ivone. "Ai gobe sauran dangi suke isowa, mota guda. Uwar Casimiro, da ƙannena, da kawun Anselmo, Fada, wanda zai ɗaura auren. Dole su gani. Anselmo, je ka kama mana jirgin gobe gaba ɗaya."

"Uwargida, a'a, ai abin ba haka yake ba. 'Yar wasan ba kullum take samuwa ba. Mace ce mai hidima, sai an nemi lokacinta tun da wuri, kuma ni kaina ban tabbata ina da lambar..."

"Tana samuwa, Baba."

Lidiane ce. Tun saukarmu tana gefe da waya a kunne, ba wanda ya kula. Ta matso, ta dafe bakin wayar da hannu, ta dubi ubanta da fuskar nan tata ta coci.

"Gwaggo Nenzinha ce, ai lambarta ta daɗe a wayata. Ta ce gobe tana nan, har kallabi za ta sake. Sai dai a roƙi direba ya kashe inji gaba ɗaya, don yau iyakarta yarintarka, ba ta ma zo kan ranar aurenka ba."